Ruwa Shi Ne Jarin Mai Wanki da Injin Feshi a Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Dawanau da Bichi, ko kuwa hanyar Daura ta Dambatta, ba zai rasa ganin wata sana'a da ta yaɗu a bakin titi ba. Ga rumfar kwano, ga tankin roba an ɗora bisa bulo, ga wani ɗan inji yana ruri, samari biyu ko uku sun naɗe ƙafar wando suna fesa wa mota ko babur ruwa. Wannan ita ce sana'ar wanki da injin feshi. A dā sai cikin birni a ke ganinta, amma yanzu ta shiga garuruwan gundumomi, har wasu masu ita sukan ɗora injin bisa Adaidaita Sahu su bi gidajen mai da masallatai da gidajen kaji suna wanke daɓe da bango.

Dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kanta shi ne, sau da yawa mai zuba kuɗi ciki dabam, mai riƙe da tiyo dabam. Akawu ne ko malamin makaranta ya ɗauki adashi, ko ya karɓi kuɗin sallama, ya sayi inji ya danƙa wa ƙanensa ko ɗan yayarsa, don yaro ya sami abin yi, shi kuma ya sami na cefane kafin wata ya mutu. Niyya ce mai kyau. Amma fa ba abin mamaki ba ne kafin shekara ta zagayo ka tarar da injin a jingine a zaure, tiyo ya tsage, an yi ɓatacciya tsakanin 'yan'uwa. In an bi diddigi sai a ga masu kawo wanki suna nan ba su ragu ba. An yi lissafin inji ne aka manta da lissafin ruwa: inda za a samo shi, da nawa zai ci, da abin da ya kamata a fesa wa, da kuma inda zai malala in an gama. Waɗannan su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

YADDA INJIN YA KE

Injin nan ba sabon abu ba ne a duniya. Cikin shekarun 1920 wani Ba'amurke mai suna Frank Ofeldt ya ƙera injin da ke wanke maiƙo da tururi, sa'an nan cikin 1950 wani Bajamushe, Alfred Kärcher, ya fito da irin na ruwan zafi na farko a ƙasashen Turai, har yau kuwa kamfaninsa yana ƙera su da sunansa. Waɗanda suka fi yawa a kasuwannin Kano ƙirar ƙasar Sin ne, gama sun fi araha, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu.

Abin kashi biyu ne. Akwai ɗan injin fetur mai ƙarfin doki shida da rabi ko bakwai, ɗan'uwan na janareta da na ban-ruwa. Akwai kuma famfo wanda ke zuƙo ruwa daga tanki ya matsa shi cikin tiyo, ya fito ta wata 'yar ƙofa da ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. Ƙanƙantar ƙofar nan ita ce asirin. Ruwan famfon gida yakan zo da ƙarfin bar uku ko huɗu bisa ma'aunin masu inji, na wannan kuwa yakan kai bar 150, wani har 200, watau ya ninka na gida sau arba'in ko hamsin. Duk da haka ruwan da ya ke fitarwa bai wuce lita 8 zuwa 15 a minti ɗaya ba. In an iya aiki da shi ya fi buɗaɗɗen tiyo tsimin ruwa, in ba a iya ba ya fi bokiti ɓarna nesa ba kusa ba.

Abin da mai wanki ke riƙewa yana kama da bindiga, ana kuma canja masa kawuna masu launi dabam dabam. Ja yana fitar da ruwa tsaye kamar tsinke, shi ne mai haɗari. Rawaya da kore da fari suna baza ruwan, kowane ya fi na gabansa faɗi. Baƙi kuwa na fesa sabulu ne. Yaron da bai san bambancinsu ba bai isa a bar masa motar mutane ba.

Abu uku ke kashe famfon. Na ɗaya, a tayar da shi tanki ba ruwa. Na biyu, yashi ya bi ruwa ya shiga cikinsa ya cinye robobinsa, don haka tilas a sa mataci a bakin tiyon da ke jawo ruwa. Na uku, a bar injin yana ruri an ajiye bindiga ana hira, domin ruwan da ya rasa mafita sai ya yi ta kewaya cikin famfo, cikin 'yan mintoci ya yi zafi ya lalata shi.

MASU KAWO WANKI

Kasuwar wannan sana'a ta biyo yawan abubuwan hawa ne. Cikin 2005, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo keken nan mai ƙafa uku da a ke kira Adaidaita Sahu. Cikin Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni da kewaye, sai kekunan suka cika gari, sana'ar acaɓa kuma ta fi ƙarfi a garuruwan waje. Ga manyan motocin da ke jigilar hatsi da wake da riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, wadda ke cikin ƙasar Dawakin Tofa. Ga na dabbobi da ke taruwa a Dambatta ran Lahadi, waɗanda in sun sauke shanu sai an wanke kashi da fitsari kafin su ɗauki wani kaya.

Yanayi ma yana taimakon mai wanki. Da damina taɓo, daga Nuwamba zuwa Maris kuma ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele cikin ƙasar Chadi ta zube ta a kan kowane gilashi da kowane rufi. Jajibirin Salla kuwa har dare a ke layi.

Banda motoci akwai aikin gine-gine, shi ne ma ya fi tsoka ga wanda ya iya nemansa: daɓen gidan mai, da harabar masallaci mai tayil ko intalok, da tankunan ruwa, da makewayin makaranta da na asibiti, da mahauta, da ɗakunan kaji. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya cikin 2006, ta kuma shafi gonakin kaji na Kano, masu kiwo suka ƙara sanin amfanin wanke ɗaki tas a fesa magani kafin a zuba sababbin 'yan tsaki. Irin wannan aiki ana ƙulla shi da alkawari na wata wata, yana kuwa riƙe sana'a sa'ad da bakin titi ya yi sanyi.

INA RUWAN ZAI FITO?

To, nan ne gizo ke saƙar. Arewacin Kano ƙasa ce da ruwan sama ke sauka wata huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba, kimanin milimita 600 zuwa 900 gwargwadon kyaun shekara. Wajen yamma da tsakiya ƙasar tana zaune bisa dutse, ruwa kuwa yana cikin tsagar dutsen da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse nan a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata a tarar da ita busasshiya. Wajen arewa maso gabas ƙasar yashi ce, rijiya takan yi zurfi kafin a kai ga ruwa. Gaskiya ne akwai madatsun ruwa da aka gina cikin shirin da aka soma zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kamar ta Tomas kusa da Dambatta, da ta Watari a Bagwai, da ta Gari, da ta Jakara a Wasai cikin ƙasar Minjibir. Amma mai wanki a bakin titi ba daga dam ya ke ɗiba ba. Ko dai yana da rijiyarsa, ko yana saye a hannun 'yan garuwa.

Sunan 'yan garuwa daga garwar kananzir mai galan huɗu ya samo asali, wadda a ke rataya biyu a sanda a saɓa. Yau jarka ce mai lita 25, ana jera goma ko sha biyu cikin kura a tura. Da wannan ma'auni ya kamata mai sana'a ya riƙa tunani. Bari mu buga misali. Injin da ke fitar da lita 10 a minti, in an danna bindiga minti takwas a kan ƙaramar mota, ya sha lita 80, watau jarka uku da 'yan kai. Babur jarka ɗaya ta ishe shi in an kula. Babbar motar shanu kuwa tana iya shanye kura guda ko fiye. Tanki mai lita 2,000 jarka 80 ke nan, zai wanke ƙananan motoci 25 a hannun mai tsimi. In yaro ya yi minti goma sha shida a madadin takwas, sai tankin ya ƙare a kan mota 12 ko 13, alhali kuɗin wanki bai ƙaru da ko kwabo ba. Rabin ribar ranar ta bi kwata ke nan, mai inji kuwa yana ofis bai sani ba.

Maganin wannan ba wuya. A jiƙa mota da inji minti ɗaya ko biyu don laka ta saki, a kashe, a cuɗa da soso da ruwan sabulu daga bokiti, sa'an nan a sake tayarwa a ɗauraye. Mai yin haka ya yi tsimin ruwa da fetur gaba ɗaya, famfonsa kuma ya huta.

Sai batun bazara. Daga Maris zuwa Mayu rijiyoyi ke ja da baya, layi ya yi tsawo, 'yan garuwa su ƙara kuɗin jarka. Wanda ya yanka farashin wankinsa da damina, sa'ad da ruwa ke banza, in bazara ta zo zai ga yana aiki don 'yan garuwa ne. Ya kamata tun farko a yi lissafi da tsadar bazara, a kuma riƙa ajiye wani abu daga cinikin damina don a cike giɓin. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Akwai wata hanya da a ke rainawa alhali tana da amfani, watau tarar ruwan sama daga rufi. Lissafinta mai sauƙi ne, malaman makaranta ma suna iya ba yara shi a aji: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Rumfa mai murabba'in mita 50, in an yi ruwa mai milimita 20, za ta ba da lita 1,000, jarka 40 a dare ɗaya. In shekara ta kawo milimita 700, lita 35,000 ke nan suka sauka a kan kwanon. Ba abin da a ke bukata sai indararo mai kyau da tanki mai murfi. Ruwan sama kuma ba shi da kanwa, ba ya barin farin tabo a gilashi.

Wani abu kuma da ya fi kuɗi nauyi shi ne zaman lafiya da maƙwabta. Rijiyar burtsatsen da Gwamnati ko jama'a suka haƙa don sha da girki, in mai wanki ya kafa tiyo a kanta yana cika tanki, mata da yara na tsaye da bokiti tun asuba, to ya tabbata ba da daɗewa ba za a kira shi gaban mai unguwa, in abin ya ƙi har gaban dagaci. Kuma jama'a ce ke da gaskiya. Wanda ba shi da halin haƙa tasa, sai ya yi yarjejeniya a fili da masu kula da rijiyar: ya ɗiba da dare ko tsakar rana sa'ad da ba layi, ya kuma biya wani abu sananne cikin asusun gyaranta.

LITTAFI DA ALƘALAMI

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. Ɗan injin nan yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ɗaya ta aiki. A dā ba a damu da wannan ba, amma tun daga lokacin nan kowane minti da inji ya yi yana ruri banza kuɗi ne. Akwai irin na lantarki, wanda ya fi sauƙin ɗawainiya inda wuta ke tsayawa, sai dai a yawancin ƙauyuka ba a dogara da ita.

Ku akawuna kun fi kowa sanin cewa abin da ba a rubuta ba ya ɓace. A sami littafi ɗaya mai layi biyar: abin da aka wanke, kuɗin da aka karɓa, jarka nawa aka saya, fetur nawa, sabulu nawa. Kowane maraice a rufe shi gaban yaran. A raba cinikin kashi kashi tun ranar farko, kowa ya san nasa: na ruwa da mai, na masu aiki, na mai inji, da na injin kansa. Wannan na ƙarshe shi ne a ke yawan cinyewa. Baƙin mai sai an juye bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100 ko ƙasa da haka, matacin iska kuma a riƙa kakkaɓe shi da hunturu. Famfo yana da nasa man dabam. Tiyo yana tsagewa, robobi suna cinyewa, injin kansa wata rana zai gaji. In ba a ajiye masa rabonsa ba, ran da ya tsaya sana'a ta tsaya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a wannan sana'a 'yan'uwa da abokan aiki ke fara kawo shi. Ga motar kawu, ga ta maigida a ofis, ga ta abokin wasa, kowa a wanke sai ya dawo. Ruwa da fetur kuwa hannu da hannu a ke sayensu. Wanda ya ga zai yi alheri ya yi, amma ya rubuta shi cikin littafi a kan rabonsa, kada ya ɗora wa yaran da suka sha rana.

Haka kuma amana. Kafin a taɓa mota a zaga ta tare da mai ita, a nuna masa inda ta ƙuje ko ta lotsa, a ce ya kwashe kuɗinsa da wayarsa. Yaron da ba shi da lasin kada ya kuskura ya ja motar mutane ko da taku goma ne. Karo ɗaya da bango yana iya cinye ribar shekara.

ABIN DA BA A FESA WA

Wannan shi ne ilmin da ya raba gwani da ɗan koyo. Gidaje da yawa a ƙauyukan nan na ƙasa ne, an gina su da tubali an yaɓe. Irin wannan bango ba a wanke shi, sabunta shi a ke yi. Magina sun gaji yadda za su kare shi daga ruwa: ga makuba da a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ga laso da a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Da yaɓe da shafe irin wannan gine-gine kamar Gidan Makama a birni suka kai ga zamaninmu. In aka ɗora wa bangon ƙasa bindigar feshi, cikin minti ɗaya za ta kware abin da damina uku ba ta kware ba. Mai wanki na ƙwarai in an kira shi irin wannan aiki sai ya ce a nemo magini.

Ko ginin bulo ma sai an duba. Bulon da aka yi wa rowar siminti, da filastar da ta soma bubbuga, da farar ƙasa, da fentin ruwa, duk suna bin feshi su zube. Fentin mai da tayil da dutse su ke jurewa. Inda bango ya tsage ruwa yakan kutsa ciki ya fito ta ɗaki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda kanwa ta ci gindin gini, ƙara masa ruwa ƙara masa ciwo ne. Dokar ita ce a gwada a wani lungu da ba a gani, da farin kai, daga nesa, sa'an nan a matso a hankali. Intalok in an wanke sai an mayar da yashin da ke tsakaninsa, in ba haka ba ya soma rawa.

Tsofaffin makarantu da ofisoshi da dama an rufe su da asbesto. Wannan kada a fesa masa ko kaɗan, domin feshi yana tayar da zarurrukansa, in sun bushe iska ta ɗauka a shaƙa, suna kuwa jawo mugun ciwon huhu bayan shekaru. Farantan sola kuma, waɗanda suka yawaita a kan rijiyoyi da asibitoci da gidaje, lalle ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi, wanke su ma sana'a ce mai kyau. Amma da sassafe a ke yi kafin gilashi ya yi zafi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Ƙarfin inji yana ɓata likin gefensu, ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi kuma yana iya tsaga shi.

A jikin mota da babur ma akwai wuraren kaucewa: boris na ƙafa, da sarƙa, da fulogi da wayoyi, da bakin kafireto, da siraran haƙarƙarin lagireto. Ruwa mai ƙarfi yana kore giris ya zauna a gurbinsa. Ɗan acaɓa zai tafi yana murna babur na ƙyalli, bayan mako biyu boris ya soma kuka, daga nan ba zai sake dawowa ba, zai kuma gaya wa 'yan tasharsu.

INA RUWAN ZAI TAFI?

A birni ruwan wanki kwata ya ke bi. A arewacin Kano kuwa bayan rumfa gonar wani ce. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bincike a kan karkarar Kano aka buga cikin 1965, ya nuna yadda jama'a suka yi yawa har kusan kowane taƙi a ke nomawa kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kawowa. Tun daga lokacin mutane ƙaruwa suka yi, gonaki kuma suka ƙara tsukewa. A irin wannan wuri ba inda za ka zubar da abu ka ce ba na kowa ba ne.

Ruwan da ya sauko daga mota yana ɗauke da baƙin mai da giris da sabulu. In ya kwanta a gona yana toshe ƙasa ya ƙone shuka, in ya nutse yana iya kaiwa rijiya, in ya tsaya a kududdufi sauro ya ƙyanƙyashe cikinsa cikin kwana bakwai zuwa goma. Muna da darasi a kusa. Kogin Jakara yana kwaso dattin birni da na masana'antun Bompai ya kai dam ɗin Wasai, masu bincike kuwa sun sha samun dalma da makamantanta cikin ruwan da ganyayen da a ke nomawa da shi. Rumfar wanki ɗaya ba ta kai wannan ba, amma ɗari a jere a bakin titi ɗaya abin dubawa ne.

Gyaran ba ya bukatar injiniya. A yi daɓen siminti mai gangara zuwa gefe ɗaya. A haƙa ramuka uku a jere a shafe su. Na farko laka da yashi su kwanta. Na biyu a sa bututun fita ya ɗebo daga ƙasa, domin mai yana tasowa sama ne, sai a riƙa kwashe shi a zuba a gwangwani. Na uku a cika da tsakuwa da yashi ruwan ya tace. Abin da ya fito ya isa wanke tayoyi da ƙarƙashin mota, ko ban-ruwan darbejiya da za ta ba rumfar inuwa, amma kada a kai shi ga latas ko wani ganye da a ke ci ɗanye. Ramukan su yi nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kamar yadda a ke gindaya wa masai. Wanda ya yi haka ya rage sayen ruwa, ya kuma rufe bakin mai gona.

LAFIYAR YARAN

Ruwan da ke kware fenti yana huda fata. Raunin yakan zama ɗan ƙarami a ido, alhali ruwa da datti sun shige can cikin nama, don haka asibiti a ke kai shi nan take. Kada a nuna wa mutum bindiga da sunan wasa, kada kuma a wanke ƙafa da ita. A saya wa yaran takalmin roba da safar hannu, gama sabulu mai ƙarfi yana cin hannu. In aiki cikin ɗaki ne ko cikin tanki, injin ya tsaya waje, tiyo kaɗai ya shiga, domin hayaƙin fetur yana kisa a rufaffen wuri ba tare da an ji alamarsa ba. Mai irin na lantarki kuwa ya ɗaga wayoyinsa sama, ya rabu da haɗin leda a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Malamai kuma su sa ido. Kuɗin hannu yana da daɗi ga yaro, sai ka ga ɗan aji shida ya soma fashin makaranta ran kasuwa. Mai injin da shi kansa malami ne bai kamata a ga ɗan makaranta a rumfarsa lokacin aji ba.

GA MASU RIƘE DA ALƘALAMI

A zamanin En'e duba-gari ne ke zagawa yana leƙa randa da kwata, kowa kuwa yana shakkarsa. Tun gyaran 1976 wannan aiki yana hannun ƙananan hukumomi, su ke ba da izinin wuri, su ke karɓar kuɗin shiga. Muna roƙon akawun da takardar neman izini ta zo teburinsa, kafin ya yanka rasit ya yi tambaya biyu: ina za ka samo ruwa, ina kuma zai tafi? In ba amsa, a tura ma'aikacin tsabta ya duba wurin, a nuna wa mai nema yadda zai haƙa ramukansa, a ba shi wa'adi. Wannan ya fi a karɓi kuɗinsa yau gobe a zo a rushe rumfar.

Wanda kuma ke shirin sa adashinsa cikin sana'ar, muna ba shi shawara kafin ya tafi kasuwa sayen inji ya yi mako ɗaya yana zama a inda ya ke so ya kafa. Ya ƙirga motoci da baburan da ke tsayawa, ya tambayi kuɗin jarka da damina da kuma na watan Afrilu, ya gana da mai gonar da ke bayan wurin da mai unguwa, ya tura yaron ya yi wata ɗaya a hannun wanda ya iya. In lissafi ya fita bayan wannan, to ya saya, muna kuwa fata Allah ya sa albarka.